Ranar da Ƙarami Ya Riga Babba Gani

Hausawa suna cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Maganar tana da tushe, gama shekaru suna koya wa mutum abin da makaranta ba ta koyarwa. Amma akan sami ranar da ƙarami ne ya riga gani. A irin wannan rana, mene ne wajibin ƙarami, mene ne kuma na babba? Tarihin binciken taurari ya bar mana misali da ya cancanci nazari.

Idan hasken rana ya ratsa gilashi mai kusurwa uku, yakan rarrabu zuwa launuka irin na bakan gizo. A shekarar 1814 wani Bajamushe mai sana'ar gilashi, Joseph Fraunhofer, ya ƙidaya ɗaruruwan baƙaƙen layuka sirara a cikin launukan nan. A 1859 Gustav Kirchhoff ya bayyana dalilinsu: kowane sinadari yana shanye wani yanki na haske da ya keɓanta da shi, sai gurbin ya fito baƙi. Ta haka ake gane sinadarin da ke cikin tauraro, kamar yadda a da ake gane asalin mutum da tsagar fuskarsa. Fada Angelo Secchi na Roma ya bi wannan hanya, ya duba taurari kimanin 4,000, ya kasa su gida-gida. Da yake layukan ƙarfe da makamantansa sun cika hasken rana, sai masana suka ɗauka cewa rana da ƙasa kusan haɗinsu ɗaya ne.

A 1925 Cecilia Payne, 'yar Ingila mai shekara 25 da ke bincike a Harvard ta Amurka, ta kammala kundin digirinta. Ta yi amfani da lissafin Meghnad Saha na Indiya, wanda ya nuna cewa zafin tauraro yana da hannu wajen ƙarfin layi ko rauninsa. Da ta cire tasirin zafi, sai ta ga haidirojin da hiliyam sun rinjayi sauran sinadarai nesa ba kusa ba. Henry Norris Russell na Princeton, babba a fannin, ya ce hakan ba zai yiwu ba. Payne ta sassauta, ta rubuta cewa da wuya sakamakon ya zama gaskiya, amma ta bar alƙalumanta a cikin kundin yadda suka fito. A 1929 Russell ya bi wata hanya dabam, ya iske amsa iri ɗaya, ya kuma ambaci aikinta.

Abin da ta gani shi ne mabuɗin rayuwar taurari. Tauraro yana farawa ne daga gajimaren haidirojin da nauyinsa ya dunƙule shi har tsakiyarsa ta yi zafin da zai mai da haidirojin hiliyam, daga nan haske yake fitowa. Ranarmu ta yi shekara biliyan 4.6 tana wannan aiki, ta ci kusan rabin wa'adinta. Idan makamashin ya ƙare za ta kumbura ta yi ja, sa'an nan ta tsuke ta zama ɗan farin tauraro mai hucewa. Manyan taurari kuwa shekaru miliyoyi kawai suke yi, su fashe, su watsa sinadaran da suka ƙera.

To, wa ya yi daidai? Ba za mu ce Russell mugu ne ba. Aikin babba ne ya tsare ƙofa, domin ba kowace sabuwar magana ce gaskiya ba, kuma hujjar da ake da ita a lokacin tana bayansa. Laifin yana cikin saurin cewa ba zai yiwu ba. Kalmar babba tana da nauyi, takan rufe bakin da ya kamata ya yi magana. Abin yabo a gare shi shi ne ya sake bincike, da ya ga gaskiya kuma bai ɓoye ta ba. Duk da haka an daɗe ana jingina masa abin da ita ta fara gani.

Payne kuwa ta nuna iyakar biyayya. Ladabi yana da iko a kan harshe da murya da lokacin magana. Ba shi da iko ya sa mutum ya goge abin da ya auna da hannunsa. Da ta share alƙaluman don ta faranta wa na gaba, da ta cuce shi, gama da babu shaidar da zai koma ya duba. Sai dai mu lura, ta zo ne da hotunan haske da lissafi. Ƙaramin da yake so a saurare shi, sai ya zo da hujja.

'Yan'uwa, wannan al'amari yana faruwa a gida da makaranta da wurin aiki da zauren shawara. Uba ko malami ko shugaba, idan na ƙasa ya kawo maganar da ta saɓa wa abin da ka sani, kafin ka ce a'a ka ce masa, nuna mini yadda ka gani. In ya yi kuskure, ka koya masa. In kai ne ka yi, ka faɗa a fili, ka kuma kira sunansa a gaban jama'a, domin hakkinsa ne.