"Umurtata Aka Yi"

Ya ku 'yan makaranta, in babba ya umurci na ƙasa da shi ya yi zalunci, alhakin a wuyan wa yake?

Cikin Fabrairu 1942, bayan Japanawa sun ci Singafo, 'yan dokan sojansu, watau Kempeitai, suka tara mazan Sinawa, suka tsame waɗanda suke zato maƙiya ne, aka kwashe su a motoci zuwa bakin teku, aka harbe dubbai. Ba alƙali, ba shaida. A Maris 1947 Turawan Ingila suka yi wa hafsoshi bakwai shari'a. Hanzarinsu shi ne wai umurni ya zo daga sama. Bai fisshe su ba: aka rataye biyu, Kawamura da Oishi, shugaban 'yan dokan, biyar aka yanke musu ɗaurin rai da rai.

Mu dai a ganinmu an yi daidai. Mu kawo zancen gida. In wani mai sarauta a ƙasar Gwarzo ko Kabo ya ce wa yaronsa ya ɗaure tsoho a rana saboda haraji, ai yaron yana da ido, yana kuwa jin kukan. Gaskiya ne tsoro yana rage laifi, gama sojan da ya ƙi umurni ya sayar da ransa. Amma ragewa daban, wankewa daban.

Abu guda ke damunmu. Tsuji, hafsan da ake ɗora wa shirya kisan, ya ɓuya, bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, har a 1952 aka zaɓe shi ɗan majalisar Japan.