Hukuncin da Ba A Iya Janyewa

Karatu: Littafin Ƙidaya 35:9-34, 1 Sarakuna 21:1-16, Romawa 12:17-13:5



Wani mai sauraronmu ya rubuto mana daga wani ƙauyen Hausawa a bakin kogin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, a ƙasar Sudan. An kashe ƙanensa a rikicin da ya ɓarke a watan Yuli na 2022 tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a wajejen Damazin da Rusairis, inda aka rasa rayuka fiye da 100. An kama mutum guda, ana cewa shi ne ya yi kisan. A dokar Sudan magadan wanda aka kashe suna da zaɓi uku: su nemi ƙisasi, ko su karɓi diyya, ko su yafe. Ga tambayarsa: "Fasto, in na tsaya a kan sai an rataye shi, na yi zunubi?"

Da fari, ɗan'uwana, Allah ya ta'azantar da kai. Jinin ƙanenka yana da daraja a gaban Mahaliccinsa. Bayan ruwan tufana Allah ya shaida wa Nuhu cewa alhakin jinin mutum rai ne, domin cikin siffar Allah aka yi mutum (Farawa 9:6). Manzo Bulus kuma ya koya mana cewa Allah ne ya danƙa wa hukuma takobi domin horon mai mugunta. Saboda haka neman hakkinka a gaban alƙali ba zunubi ba ne. Abin da aka hana mai bi shi ne ya ɗauki fansa da hannunsa. Kun ga abin da ramuwa ta haifa a yankinku: a watan Oktoba na 2022 wuta ta sake tashi a Wad al-Mahi, mutane fiye da 150 suka mutu cikin 'yan kwanaki.

Amma ka lura da abu guda. Takobin nan a hannun ɗan adam yake, ɗan adam kuwa tara yake bai cika goma ba. Allah ya san haka, shi ya sa ya kewaye hukuncin kisa da shinge a Shari'ar Musa. Ba a kashe mutum a kan shaidar mutum ɗaya. Waɗanda suka ba da shaida su ne za su fara ɗaga hannu a kansa, domin nauyin jinin ya hau wuyansu (Maimaitawar Shari'a 17:6, 7). An kuma keɓe birane 6 na mafaka, domin wanda ya yi kisa ba da gangan ba ya tsira daga mai neman fansa har a binciki maganarsa.

Duk da wannan shinge, ka tuna da Nabot. An yi shelar azumi, dattawan gari sun zauna, shaidu biyu sun tsaya. Ga wanda yake kallo daga nesa, kome ya bi ƙa'ida. Ashe Yezebel ce ta shirya kome domin sarki Ahab ya sami gonar inabi. Aka jejjefe marar laifi da sunan shari'a.

Irin wannan ya faru a ƙasarku, a zamanin iyayenku. Mahmud Muhammad Taha ɗan Rufa'a ne, a bakin wannan kogi da kuke sha, cikin jihar Jazira. Musulmi ne, mai ilimi, ya kuma fito fili ya soki dokokin da shugaba Numairi ya kafa a watan Satumba na 1983. Aka yanke masa hukuncin ridda, aka rataye shi a kurkukun Kobar ran 18 ga Janairu 1985, yana da shekara 76. Ba a ba iyalinsa gawarsa ba. A watan Afrilu na wannan shekara aka tumɓuke Numairi. A 1986 kuma, bayan 'yarsa ta kai ƙara, babbar kotun ƙasar ta soke shari'ar da aka yi masa. Ihu bayan hari ke nan. Takarda ta wanke sunansa, amma ba ta mayar wa 'ya'yansa da ubansu ba.

Ka gwada wannan da labarin Maryam Yahaya Ibrahim, 'yar Gadarif, wadda uwa Kirista ta rena. Ran 15 ga Mayu 2014 wata kotu a Kartum ta yanke mata hukuncin rataya saboda ta ƙi barin bangaskiyarta, tana da tsohon ciki. Ta haifi 'yarta a kurkukun mata na Umdurman ran 27 ga wannan wata. Ran 23 ga Yuni kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, aka sake ta. A watan Yuli na 2020 Sudan ta cire hukuncin kisa na ridda daga dokarta.

Mutum biyu, tuhuma iri ɗaya, kotu kuma ta janye hukuncinta a kan dukansu. Ɗaya ta fita da jaririyarta a hannu, ɗaya kuwa har yau ba a san kabarinsa ba. Bambancinsu ɗaya ne: ita tana da rai sa'ad da gyara ya zo. Wanda aka ɗaure bisa kuskure ana iya buɗe masa ƙofa. Wanda aka ci tararsa ana iya mayar masa da kuɗinsa. Igiya ce kaɗai ba ta san gyara ba.

To, ɗan'uwana, ka tambayi kanka tsakaninka da Allah. Wa ya gani da idonsa? A ranar rikici, cikin hayaƙi da gudu, fuskoki sukan rikice. Shaidun nan, gaskiya ta kawo su ko tsohuwar gaba ta gona? In mutumin ya amsa laifi, da bakinsa ya amsa ko da bulala? Yana da mai tsaya masa a gaban alƙali, ko talauci ya bar shi shi kaɗai? In akwai shakka ko kaɗan, kada ka yarda a ƙara jinin marar laifi a kan jinin ƙanenka.

In kuwa ta tabbata shi ne, sauran magana guda. Musa ya kashe Bamasare. Dawuda ya sa an kashe Uriya. Shawulu ya goyi bayan masu jifan Istifanas. Da an gama da su a ranar laifinsu, da wa zai fito da Isra'ila daga Masar, wa zai rubuta wasiƙar Romawa da muka karanta yau? Ta bakin Ezekiyel Allah ya bayyana cewa tubar mugu yake so fiye da mutuwarsa (Ezekiyel 33:11). Ubangijinmu kansa hukuncin kisa aka yanke masa, Bilatus yana sane ba shi da laifi. A kan gicciyen nan ya roƙa wa masu kashe shi gafara, ya kuma buɗe Firdausi ga ɗan fashin da ya amsa cewa hukuncinsa daidai ne.

Ba zan ce maka ka yi zunubi in ka nemi ƙisasi ba. Amma a matsayina na bawan Almasihu, ina roƙonka ka bar masa ransa. Yafe ƙisasi ba sakinsa ba ne: doka ta ba kotu ikon ɗaure shi har shekara 10, diyya kuma za ta taimaki marayun ƙanenka. Ka zauna da mahaifiyarku da matar marigayin, gama su ma suna da hakki da hawaye a cikin wannan magana. Kada ka yi gaggawa. Gafara takan zo a hankali, kamar warkewar ƙashi.

Abin tunani: Akwai wanda na riga na yanke wa hukunci a zuciyata, tun ban ji ta bakinsa ba?

Addu'a: Ya Uba, Alƙalin dukan duniya, ka ta'azantar da masu makoki a Jazira da Shuɗin Nilu. Ka ba alƙalai tsoronka, ka tsare bakin shaidu daga ƙarya. Ka tuna da waɗanda suke jiran igiya a kurkuku, ka kai su ga tuba. Mu da aka yafe wa da yawa, ka koya mana mu yafe. Cikin sunan Yesu. Amin.