Wurin Zama a Gidan Ubangiji

A shekara ta 1538 Thomas Cromwell ya umarci kowace ikilisiya a Ingila ta ajiye littafin baftisma, da aure, da jana'iza. A ƙauye kuwa littafi guda ne ya ɗauki sunan maƙeri, da makiyayi, da mai niƙa, da attajiri mai gonaki. Amma ran Lahadi fa? Attajiri yana gaba cikin mazauninsa mai ƙofa, 'yan ƙodago suna can baya bisa benci.

Bari mu karanta Yakubu 2:1-9, sa'an nan mu auna kanmu. Tun da baftisma da kabari sun daidaita mu, wa ya ba mu izinin tara? A majami'armu, wa mukan tashi mu ba kujera?