Wai Caca Mai Iyaka Ba Caca Ba Ce?

'Yan uwana mata, akwai wata magana da ta shigo gari tare da wayar hannu, daga Wara har Yawuri ana jin ta a bakin samari da magidanta. Idan aka ce wa mutum wannan kartar da kake bugawa a waya ai caca ce, sai ya ce a'a, tasa mai iyaka ce, ba a zuba abin da ya wuce ƙa'ida. Wai dabara ce da lissafi. To, bari mu bi lissafin nasu, tunda shi suke tinƙaho da shi.

Kartar da suke nufi ita ce foka, wadda ta yi ƙarfi a Amurka kafin intanet ta kawo mana ita har ɗaka. A irin wadda ake yi wa iyaka, zubi huɗu ake yi a kowane rabo. Idan tebur na naira 100 da 200 ne, zubi biyu na farko ɗari-ɗari ne, biyu na ƙarshe ɗari bibbiyu. A kowane zubi kuma ana iya ƙari sau uku, daga nan a rufe. Ki haɗa da kanki: 400, 400, 800, 800. Naira 2,400 ke nan a rabo guda, a teburin da maigida ya ce miki "na ɗari ne kawai". Kuma waya ba ta gajiya da rabon karta, ta ninka hannun mutum sauri, a awa guda sai a yi rabo sittin ko fiye.

Ba zan ƙi gaskiya ba, iyakar tana da amfaninta. Tana hana mutum ya tura duk abin da ya mallaka a bugu ɗaya, ya tashi tsirara. Dabara ma akwai ta: gwanaye suna cewa ka yar da yawancin katin da aka raba maka, kada ka shiga sai da mai ƙarfi, kuma ka auna abin da za ka zuba da abin da ke tsakiya. Amma ki saurari ƙarshen nasiharsu. Sun ce tunda zubin kaɗan ne, kuɗin tsakiya kuwa sun taru, sau da yawa bi ya fi janyewa. Kin ji fa! Iyakar da aka ce ita ce kariya, ita ce ke hana mutum tashi. Wa zai gudu saboda ɗari biyu alhali dubu uku na kallonsa? Rabo guda aka yi wa iyaka, dare kuwa ba a yi masa ba, wata ma haka.

Mu mutanen bakin ruwa bai kamata wannan ya ruɗe mu ba. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 tafki ya kwanta, masunta sun san cewa taru mai ƙananan idanu ya fi ɓarna, domin ba ya barin ko 'ya'yan kifi. Mai kamfanin karta haka yake. A kowane rabo yana yankar nasa daga kuɗin tsakiya, galibi wajen biyar cikin ɗari, ko wa ya ci. Mutum shida su zauna su yi ta juya kuɗinsu a tsakaninsu, kafin asuba kuɗin sun rame, shi kuwa bai taɓa kati ba. Abin dariya ma, a bakin 'yan foka wanda bai iya ba sunansa "kifi". Gwanin da ake yabo da shi yake rayuwa, ribarsa kuɗin cefanen wata ce irinki. Ki gwada da adashinmu, inda kowa ke zubawa kowa kuma kwasarsa na zuwa.

Ta fuskar addini kuwa maganar gajeriya ce. Aya ta 219 a Baƙara ta ambaci cewa akwai wani amfani a caca, amma zunubinta ya rinjaya, ayoyi na 90 da 91 a Ma'ida suka zo da hani, suka faɗi gaba da ƙiyayyar da take haifarwa. Ba a ware ƙarama ba. A 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan caca, a Nuwamban shekarar kuma Kotun Ƙoli ta ce jihohi ke da hurumin tsara harkar. Sai dai shago ake sa wa kwaɗo, wayar da ke ƙarƙashin filo fa?

Shi ya sa nauyin ya faɗo kan na cikin gida. Ke amarya, idan kin ga alamar, kada ki tare shi da gori a gaban yara, ko ki kai ƙara gida tun ba ku zauna ba. Ki bari ya ci ya sha, ki ce, "Maigida, don Allah mu duba saƙonnin banki na watan nan, abin da ya fita da abin da ya shigo." Mai caca yana tuna daren da ya ci, sauran dararen kuwa banki ne ke riƙe masa su. In ya ƙi nunawa, sai ki nemi babban yayansa ko limamin unguwa, tun kafin magana ta kai ga injin jirgi ko buhun shinkafar da aka ajiye don iri.