Shaidar da ake saye da kuɗi

Tun fil azal kasuwar Hausa ba ta tafiya sai da shaida. Baƙon da ya sauka Kasuwar Dole ta Damagaram ko babbar kasuwar Maraɗi da niyyar sayen fata ko bijimi, ba ya dogara ga bakin mai kaya kaɗai. Yakan nemi dillali, ko ya bi ta hannun mai masaukinsa, wato mutumin da ya san mai kaya, ya san gidansu, kuma shi ne zai sha kunya idan ciniki ya ɓaci. La'adar da dillali ke karɓa kuɗin mutuncinsa ne da ya jingina. In ya yi ƙarya yau, gobe babu mai tsayawa a rumfarsa.

Zamani ya zo da wata kasuwa wadda ba ta da rumfa. A shekarar 2006 aka buɗe dandalin Twitter a Amurka, inda mutum ke rubuta ɗan gajeren saƙo wanda bai wuce haruffa 140 ba, duniya ta karanta. A 2017 aka ninka adadin zuwa 280. A watan Oktoba na 2022 attajirin nan Elon Musk ya saye kamfanin a kan dalar Amurka miliyar 44, sannan a Yuli 2023 ya sauya masa suna zuwa X. Ƴan kasuwar Nijar sun fi sabawa da WhatsApp da Facebook, amma mai ƙaramar sana'a da ke neman idon baƙi da na ƴan ƙasa mazauna waje yakan buɗe shafi a wannan dandali. Baduku ya ɗora hoton jakar da ya ɗinka, mai kilishi a Yamai ya faɗi farashi da lambar salula, ba tare da sun biya kuɗin talla a rediyo ba. Wannan alheri ne da ba a musunsa.

Sai dai mai saye a nan bai ga fuskar mai kaya ba, bai taɓa kaya da hannunsa ba. Cinikin biri a sama ke nan. Don haka idonsa kan nemi wani abin da zai tsaya a madadin dillali, kuma abu biyu yake samu: yawan mabiyan shafin, da ƴar shuɗiyar alamar da ke gefen suna. Abin damuwa shi ne duka biyun kuɗi na sayen su. A Janairu 2018 jaridar New York Times ta fallasa wani kamfani mai suna Devumi da ke sayar wa fitattun mutane da ƴan kasuwa mabiya na bogi. A Yuli na wannan shekarar Twitter ya share miliyoyin shafuka daga lissafin mabiya. Ita kuwa shuɗiyar alama, a da sai an tantance ko wane ne mutum kafin a ba shi ita, amma daga Nuwamba 2022 ta koma abin biya wata-wata. A cikin wannan watan wani ya buɗe shafi da sunan kamfanin magunguna na Eli Lilly, ya sayi alamar, ya sanar cewa insulin, maganin ciwon suga, ya zama kyauta, har sai da kamfanin ya fito ya ƙaryata.

To, ya halatta ga mai ƙaramar sana'a ya sayi irin wannan shaida? Hujjarsa tana da nauyi, bai kamata a yi saurin watsi da ita ba. Zai ce kayansa masu kyau ne, bai cuci kowa a kansu ba. Mutane ne ba sa tsayawa a rumfar da babu kowa, kuma manyan kamfanoni na zuba kuɗi a talla ba a ce musu komai. Zai ƙara da cewa ko mai tumatir yakan jera manya a saman kwando, kuma kowa ya san da haka.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan matsala, ko da yake a wata siga. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik an kawo hani ga abin da ake kira najashi: mutum ya tsaya yana taya kaya da tsada alhali ba shi da niyyar saye, don kawai wani ya gani ya ruɗu ya bi sahu. Mai yin najashi bai taɓa kayan ba, bai rage mudu ba, ƙila ma kayan na da kyau. Laifinsa shi ne ya ƙirƙiri sha'awar da babu ita, ya sa mai saye ya yanke shawara bisa shaidar zur. Mabiya dubu goma da aka saya taron masu tayi ne waɗanda babu mai aljihu a cikinsu. Kyan jakar baduku ba ya wanke wannan, domin ƙaryar tana kan abin da aka nuna cewa jama'a sun ce game da jakar.

A nan ne bambancin shela da shaida yake fitowa. Wanda ya biya dandali don a yaɗa tallarsa, aka kuma rubuta a jikinta cewa talla ce, tamkar wanda ya ɗauki sankira ne: kowa ya san an biya shi don ya ɗaga murya, mai ji kuma zai auna maganar da wannan sani. Haka ma wanda ya biya kuɗin alama da sunansa na gaskiya, muddin bai ce wa mutane hukuma ce ta tantance kayansa ba. Amma wanda ya buɗe shafuka da sunayen ƙarya yana yabon kansa, ko ya ba wani sananne kuɗi a ɓoye ya ce ya gwada kaya ya ji daɗinsu, ya sanya wa sankira rigar mai shaida. Hausawa sun ce yabon kai jahilci. Yabon kai da bakin aro kuwa ya haɗa da yaudara.

Gajartar saƙon ita ma jarrabawa ce. Wanda aka ba layi biyu dole ya zaɓi abin da zai faɗa, kuma zuciya takan so a bar aibi a waje. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajirai ke karantawa a zaurukan ƙasar nan, ta lissafa ɓoye aibi tare da algus cikin abubuwan da ba su halatta a ciniki. Idan fatar jakar ba ta jar akuyar Maraɗi ba ce, kalma uku sun isa a faɗa. Wurin da ya ɗauki kirari zai ɗauki gaskiya.

Cutarwar kuma ba ta tsaya ga mai saye ɗaya ba. Wanda aka ruɗa sau ɗaya yakan daina yarda da duk masu sana'ar, har da mai gaskiyar da ke tara mabiyansa ɗaya bayan ɗaya. Wake ɗaya ke ɓata gari. Sannan adadin da ake taƙama da shi ba mallakin ɗan kasuwa ba ne. Lokacin da gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, masu ƙananan sana'o'i da suka dogara da shi sun wayi gari an rufe musu rumfa wata bakwai. Abin da ya rage a hannunsu shi ne abokan cinikin da suka taɓa saye suka gamsu, suka ajiye lambar salula.

Ke nan aikin da dillali ke yi a da ya dawo wuyan mai kaya shi kansa, a wurin da babu maƙwabcin rumfa da zai gan shi. Malamai da ƙungiyoyin da ke koya wa matasa tallar intanet suna da alhakin haɗa wannan darasi da darasin ɗaukar hoto: a rubuta talla a kan talla, a faɗi aibi tare da farashi, a bar wanda ya saya da kuɗinsa ya yi yabo da bakinsa. Hanyar tana da jinkiri, kuma mai binta zai ga wasu sun wuce shi da lissafi. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma jarin talaka a kowace kasuwa bai wuce sunansa ba.