Ranar Da Ba A Ci Gaba Da Tafiya

'Yar uwa, na san ba ki da niyyar hawan dutse, ni ma haka. Amma ki ɗan ba ni aron kunnenki, akwai wata al'ada ta masu hawan duwatsu da ta daɗe tana yi mini yawo a rai.

A ƙasar Nefal ne ake zuwa gindin dutsen Everest, wanda ya fi kowane dutse tsawo a duniya. Masu zuwa sukan sauka daga jirgi a garin Lukla, mai tudun kusan mita 2,860. Ki kwatanta: Chappal Waddi na jihar Taraba, da ya fi duk duwatsun Nijeriya, mita 2,419 ne. Wato ƙololuwarmu ba ta kai inda suke fara tafiya ba. Bayan kwana biyu a ƙafa sai su isa Namche, mita 3,440, kuma a nan jagora yake tsayar da kowa. Gobe babu ci gaba. Za a ɗan hau tudu da hantsi, a sauko a sake kwana a wuri ɗaya.

Dalili kuwa, iskar can sama ba ta ƙosar da huhu kamar tamu. Jiki yana buƙatar lokaci ya saba: numfashi ya ƙaru, jini ya daidaita. Wanda ya yi gaggawa, ciwon kai ne zai fara sallama, sai tashin zuciya da rashin barci. In ya yi kunnen ƙashi, ruwa na iya taruwa a huhunsa ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma ana mutuwa. Ƙarfi ba ya hana wannan ciwo. Ƙaƙƙarfan saurayi ma ya fi saurin afkawa, don shi ne ke ganin tsayawa ragwanci ne, shi ne kuma ke ɓoye ciwon kansa kada a ce ya ɓata wa ayari lokaci.

To, wa kika tuna? Ni dai mu na tuna.

An raine mu a kan dauriya, kuma ban raina ta ba. Da ita iyayenmu suka riƙe gidaje. Tambayata ita ce, ko akwai inda dauriya take komawa zalunci ga mai ita? A nan Tsiga, in kaka ta yi, masara ta shigo, waken suya na jiran casa, 'yan ƙwadago na jiran tuwo a gona, wace mace ce za ta buɗe baki ta ce kaina ke ciwo? Wata ɗalibata a ajin matan aure ta yi kwana uku da ciwon kai tana da cikin wata takwas, fuska da hannaye sun kumbura, idonta na ganin dishi-dishi. Ba ta gaya wa kowa ba. A bakin murhu jijjiga ta kama ta. An kai ta asibiti a Funtuwa, ita ta tashi, ɗan bai zo da rai ba. Da na je gaishe ta, abin da ta ce mini shi ne, "Malama, kunya na ji, kowa na aiki." Waɗannan alamu uku a jikin mai ciki na hawan jini ne, ba a kwana da su a gida.

Da farko na so in yi mata faɗa, sai na rasa bakin yi. In ta kwanta, wa zai ɗora tukunya? Da wane ido uwar miji za ta dube ta? Yana da sauƙi a ce wa mace ta faɗi ciwonta, alhali ba a tanadi wanda zai karɓe ta ba.

Nan ne na ga hikimar masu hawan dutse. Ranar hutun nan tun daga gida ake rubuta ta cikin tsarin tafiya, an biya kuɗinta, kuma ta hau kan kowa, mai ciwo da mai lafiya. Babu wanda zai roƙe ta, balle ya ji kunya. Kakanninmu ma sun san wannan. Goyon ciki da kwana arba'in na jego, ai ranakun tsayawa ne da aka yanka wa mace tun kafin ta nema. Ruwan wanka mai tsananin zafi da kunun kanwa mai yawa, likitoci sun nuna suna wahalar da zuciya, a rage su. Amma hutun fa? Yau sai ki ga maijego ta kwana goma tana surfe, ana yaba mata wai jaruma ce.

Saboda haka maganata ta fi komawa kanki ke mai lafiya, uwar miji ko kishiya ko maƙwabciya ko facala. A ajinmu yanzu, duk wadda cikinta ya shiga wata bakwai muna rubuta sunanta, a raba kwanakin girkinta na kaka tsakanin mata uku na kusa da ita, a kuma sanar da maigidanta ranar awo. Ba ma tambayarta ko tana so, don mun san amsar da za ta bayar.