Ƙasar da Aka Gina Kano da Ita

Ran nan bayan saukar damina aka aiko mini da rasuwar wani abokin ƙuruciya, na shiga cikin gari jana'iza, unguwar da aka yanke mini cibiya. Sai ga ni tsaye bakin titi ina rarraba ido. Kududdufin da nake kwatance da shi babu shi, an cike shi da shara da ɓaraguzai an jera shaguna a kai, mai cajin waya a nan, mai sayar da katifa a can. Durumin da dattawa ke shimfiɗa tabarma a gindinsa bayan la'asar ko kututturensa ban gani ba. Na tsayar da wani yaro mai tallar ruwan leda na ambaci sunan gidanmu. Ya rusuna ya ce, "Baba, wallahi ban san shi ba, sai dai ka tambayi manya." Na waiga hagu na waiga dama ina neman manyan, sannan ya faɗo mini a rai cewa a duk layin nan babu wanda ya girme ni.

Yaran yanzu suna ɗaukar kududdufi matattarar sauro ce kawai, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma kusan kowane kududdufi a cikin birnin Kano rami ne da aka bari bayan an ɗebi ƙasar gina gidajen da ke kewaye da shi. Gwargwadon zurfinsa, gwargwadon gidajen da suka fito daga cikinsa. Na ga yadda ake yi da idona ina ƙarami. A haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta, a zuba ciyawa, ƙarti su shiga da ƙafa suna tattakawa har ta yi danƙo, a bar ta ta kwana biyu, sannan a mulmula tubali a shanya a rana. Magini yana bisa katanga, ana cilla masa tubali ɗaya bayan ɗaya yana cafewa ba ya ko kallo. Rufi kuwa azarar giginya ce, wadda gara ba ta iya mata. Mai hali ya sa a yi masa ɗaurin guga a soro, a shafe bango da makuba, a tayar da zankwaye a kusurwa, a sa indararo don ruwa ya zubo nesa da gindin katanga.

Sai dai gidan ƙasa ba ya yaudarar mai shi. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an yi masa yaɓe. In aka yi sakaci damina biyu ko uku, sai ka ga katanga ta fara zaizayewa, tana komawa inda aka ɗebo ta a hankali. Kakana yakan zagaya gidan da kansa idan bazara ta yi, yana shafa bango da tafin hannu, yana nuna wa magini inda ya tsage. Mutumin da ke yin haka duk shekara da wuya ya manta cewa aron zama yake yi. Mu da muka koma gidan bulo da siminti mun samu sauƙi, ba na musu, kuma ba zan ce wa kowa ya koma kwana cikin fargabar rushewar soro a watan Agusta ba. Amma tare da wahalar yaɓe mun rabu da wani mai tuni da ba ya gajiya.

Haka badala take, sai dai ita ta fi tsawon rai. Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwar Kano. Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina gidan da sarakuna ke zaune a ciki har yau. Muna yara mukan hau badala mu yi ta gudu a doronta, awaki na kiwo a gefe, iska na kaɗa mana riga. Yanzu wurare da yawa sai an nuna maka ka yarda ganuwa ce. Wani ya ɗebi ƙasarta ya yi gini, wani ya matso da katangarsa, ruwan sama ya ƙarasa sauran. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da ta siminti. Ƙofar Kabuga, wadda ta nan sojojin Turawa suka shigo birnin a 1903, yanzu motoci ne ke nutsewa ta ƙarƙashin ƙasa a wajenta. Ranar da na ga inda Ƙofar Na'isa take ya zama fili, raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har gobe ina ganin da an so da an ratsa da titin ta gefe an bar ta.

Duk da haka, da na zauna na yi lissafi sai takaicin ya juya ya zama tsoro. Ganuwar nan da muke wa kuka ta doshi shekara 900. Waɗanda suka ɗauko ƙasarta a ka, kwando bayan kwando, cikin rana da ƙishirwa, ko sunan mutum ɗaya daga cikinsu ba mu riƙe ba. 'Ya'yansu sun wuce, jikokinsu sun wuce, an yi zuriya bayan zuriya ana shiga ta ƙofofin nan da amarya ana fita da gawa, ita kuwa tarin ƙasar tana nan tsaye. Ashe katangar da ruwan sama ke narkarwa ta fi mai gina ta daɗewa nesa ba kusa ba.

Gidan Rumfa ma shaida ne. Sarki nawa ya kwana a cikinsa tun daga mai ginin? Marigayi Alhaji Ado Bayero ya hau karaga a 1963. Akwai waɗanda aka haifa, suka yi aure, suka aurar da 'ya'ya, har furfura ta fito musu, ba su san wani Sarkin Kano ba sai shi. Kusan shekara 51 ana busa masa kakaki. Ranar wata Juma'a cikin watan Yunin 2014 aka fito da shi a kafaɗa, jama'a ta cika gari maƙil, aka kai shi Nassarawa aka rufe. Allah ya jiƙansa. 

Sauran kuwa da sauri suka wuce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi daraja, aka riƙa jera buhuna har suka zama dala, sunan Alhassan Ɗantata ya kai ko'ina. Yau dalar gyaɗa sai a hoto. Gidajen sinima irin su Plaza da Orion da El-Dorado, inda samari ke tara kwabbai don kallon Indiya, zamaninsu ya shuɗe. Jikana yana ganin gadar sama ta Ƙofar Nassarawa kamar da ita aka halicci garin, alhali jiya-jiyan nan muka ga ana kafa ginshiƙanta. Shi ma wata rana zai tsaya a wani wuri yana ba yara labarin abin da ba su gani ba.

Da hasumiyar masallacin unguwa na gane hanya a ƙarshe. Gidanmu an raba gado tun bayan rasuwar kakata, an sayar da rabi, zauren da almajirai ke karatun dare a ciki ya zama shagon ɗinki. Na leƙa ta gefe. Daga ɗakinta, inda take jera kwanukan samira har rufi, inda take ɓoye mini tuwon ɗumame ta ce, "Maigida, zo ka karya kafin yaran nan su farga," saura katanga guda. A jikin katangar akwai sawun yatsu huɗu na maginin da ya yi yaɓen ƙarshe, sun fito sarai kamar jiya ya ɗauke hannu. Na san shi. Ya rasu ina makarantar sakandare. Na ɗora yatsuna a cikin nasa, suka zauna daidai.

Aka sallaci abokina a ƙofar gida. Cikin sahu na ƙirga waɗanda muka yi wasan langa tare a bakin kududdufin nan, mu goma sha wani abu ne a da, na samu uku. Ɗaya da sanda, ɗaya ɗansa ke riƙe da hannunsa saboda ido. Muka gaisa, kowa na cewa "ya haƙuri," babu mai iya ƙara komai a kai.

Daga nan muka ɗauki makara zuwa Ɗandolo, gindin Goron Dutse. An riga an haƙa. Aka sa shi ta gefen dama, fuska na duban gabas, aka jera itace a bakin ƙaramin ramin. Wani dattijo ya ce a kawo ruwa. Aka zuba a kan jar ƙasar da aka tono, matasa biyu suka kwaɓa ta, aka riƙa miƙo curi-curi ana toshe kafofi ana shafewa da tafin hannu, yadda na ga ana yi wa katangar kakana kafin damina. Ni ma na karɓi curi ɗaya na liƙa. Aka tura sauran ƙasar, aka yi addu'a, aka watse.

Da na isa gida na zauna alwalar magariba, na tarar jar ƙasar ta shige ƙarƙashin farcena. Sai da na sa tsinke.